Ruwan da Ya Yi Ja a Garkar Akoli

Fa'iza haifaffiyar Arlit ce. Mahaifinta, marigayi Hamadi, mutumin Tahoua ne da ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa bas ɗin da ke kai ma'aikata wurin haƙar uraniyom. Shi ya nace sai ta yi karatu mai zurfi, ta kuwa yi, ta je Yamai ta karanto kimiyyar ruwa da duwatsu. Da ta dawo ta shekara biyu a gida da takarda a hannu babu aiki, har wani ƙaramin kamfani ya zo ya kafa sansanin gwaji a bayan gari, gaba kaɗan da garake, wato lambunan da ake ba ruwa da rijiya.

Aikin kamfanin baƙo ne ga kowa. Iskar kabon suke kawowa cikin manyan tankoki, iskar nan da ke fita tare da hayaƙi, wadda kuma take sa lemun kwalba kumfa. Sai su tura ta ta wani rami mai zurfin mita ɗari takwas, ta shiga dutsen yashi mai ruwan gishiri ta zauna a can, maimakon ta hau sama ta ƙara wa duniya zafi. A saman dutsen akwai shimfiɗar yumɓu mai kauri, ita aka dogara da ita ta hana iskar dawowa. Aikin Fa'iza shi ne ta ɗebo ruwa daga rijiyoyi huɗu na sa ido da kamfanin ya haƙa, ta auna a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ta kai wa shugabanta sakamako. Shugaban, injiniya Tijjani, Badamagare ne mai ƙarancin magana. Ita ce mace ɗaya a sansanin, ita kaɗai ce kuma ƴar gari, tana jin daɗin hakan fiye da yadda take nunawa.

A cikin masu garake akwai wani dattijo Ba'abzine mai suna Akoli, aminin mahaifinta. Fari ne ya cinye masa raƙuma tun yana saurayi, ya gangaro daga duwatsu ya koma noman garka. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawar Hamadi. Tun daga ranar, Juma'a ba ta wucewa bai kawo wa Balki, mahaifiyar Fa'iza, ƙunshin tumatir da salati da karas ba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “ya” ne a bakinsa, ita kanta Fa'iza tun tana rarrafe “kai” yake ce mata, ba ta taɓa jin abin ya dame ta ba.

Duk wata uku kamfanin yakan tara mutanen unguwa a rumfar mai unguwa ya yi musu bayani. Taron da aka yi cikin watan Afrilu ya zo da manyan baƙi biyu daga ofishin Yamai, waɗanda ake cewa su za su duba wanda za a sabunta wa kwangila. Tijjani yana magana da Faransanci, Fa'iza tana juyawa da Hausa, da farar hular kwano a kanta ko da yake babu abin da zai faɗo mata a rumfar. Komai yana tafiya daidai har aka ba da damar tambaya.

Akoli ya miƙe daga baya, ya ratso mutane da gorar roba a hannu. Ruwan ciki ja ne kamar an jiƙa jar ƙasa.

“Fa'iza, kai ka san rijiyana,” ya ce. “Rijiya ya yi ciwo.”

Samarin da ke gefe suka fara ƙyaƙyatawa. Bai kula su ba, ya ci gaba da bayani a hankali. Ya ce sati biyu ke nan ruwan yana fitowa garau, yana tsiii kamar lemu, amma in ya zauna a kwarmin ban ruwa zuwa azahar sai ya koma ja. A baki kuma ɗanɗanon ƙusa yake yi.

Ɗaya daga cikin baƙin ya karkato ya tambaye ta me tsohon yake cewa. Ta ce masa da Faransanci kukan tsatsa yake yi, ba wani abu ba ne. Sannan ta ɗaga makirfo ta juya ga Akoli.

“Baba Akoli, rijiya ba ta ciwo, ba mutum ba ce. Tiyonka ne ya tsufa ya yi tsatsa. Mu da na'ura muke auna ruwa, ba da harshe ba.”

Rumfar ta ɗauki dariya, har baƙin da ba su ji Hausa ba suka murmusa. A duk rayuwarta “ku” take ce masa, sai ranar ta ce “ka”.

“Tiyona roba ne,” in ji Akoli.

Ba kowa ya ji ba, don an riga an miƙa wa wani makirfo yana tambayar ɗaukar ma'aikata. Amma ita ta ji. Ya ajiye gorar a kan tebur a gabanta, ya ja amawalinsa ya rufe har hanci, ya koma ya zauna.

Gorar ta kwana biyu a bayan motar kamfani, daga nan ta koma ƙarƙashin teburin labo, bayan kwandon shara. Fa'iza takan taɓa ta da ƙafa in ta zauna, sai ta ƙara tura ta ciki. Juma'a ta zo, ƙunshin tumatir ya iso kamar kullum. Wata Juma'ar ta sake zuwa, ya sake isowa. Balki ta riga ta ji labarin taron a bakin maƙwabta, amma ba ta tayar da zancen ba. Sai dai ta daina zama cin abinci tare da ɗiyarta, takan zuba mata ta rufe, ta koma tsakar gida da nata kwanon.

Ranar kwana na goma sha tara da taron, rijiya ta uku ta kamfanin ta nuna canji. Ma'aunin tsamin ruwa, wanda wata bakwai yana tsaye a bakwai da ɗigo huɗu, ya sauko bakwai cif. In lambar ta sauko, ruwa ya ƙara tsami ke nan. Fa'iza ta wanke na'urar ta sake aunawa har sau uku, amsar ba ta canza ba.

Ta zauna, sanyin labon yana kaɗa mata mayafi. Darasin aji biyu ne a jami'a, ko barci take ta san shi. In iskar kabon ta narke a ruwa, ruwan yakan yi tsami. Ruwa mai tsami kuma yakan lashe jan ƙarfen da ke manne a jikin ƙwayoyin dutsen yashi, ya tafi da shi a narke, ba a ganinsa sai ya sha iska sannan ya yi ja. Ba kuma ƙarfe kaɗai yake kwasowa ba, duk abin da dutsen ya riƙe sai ya saki, dutsen Arlit kuwa kowa ya san abin da yake riƙe da shi. Ruwa ya fito garau yana kumfa, ya yi ja da azahar. Tsohon ya karanto mata darasin kaf a gaban jama'a, ita kuma ta gane shi tun yana cikin magana. Wannan ne ya fi ci mata rai, don ba za ta iya cewa ba ta sani ba.

Ta jawo gorar ta duba. Ruwan ya daɗe, bai aunuwa. Dole ta je garkar da kanta.

Washegari da sassafe ta hau kabu-kabu da akwatin kwalabe a cinya, ba ta nemi motar kamfani ba. A bakin shingen garkar ta tarar da Aïcha, matar Akoli, tana sauke bido biyu, manyan jarkoki na ruwan famfon gari, daga kan jaki. Suka gaisa, Aïcha ta amsa ba yabo ba fallasa, ta nuna mata wajen rijiya da haɓa.

Akoli yana tsugune yana gyara gindin wani ɗan lemun tsami. Fa'iza ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi, ya amsa ya tambayi lafiyar Balki, kamar yadda ya saba.

“Baba, na zo in auna ruwanku ne.”

Ya tashi ya ja igiyar injin, ruwa ya taho ta baƙin tiyon roba, ya zubo a kwalbarta fari tas, ƙananan kumfa suna hawa jikin gilashin. Ta tsoma na'ura. Biyar da ɗigo shida. Ta daɗe tana kallon lambar don kada ta ɗago ta haɗa ido da shi.

Sai a lokacin ta lura da garkar. Fangulan salati duk sun yi tsiri sun bushe a tsaye, tumatir ya nuna ya ruɓe a jikin uwarsa, ba wanda ya tsinka.

“Ba ku kai kasuwa ba, Baba?”

“Abin da ni ba ya ci, ba ya sayar wa mutane. Itace kawai nake ba ruwa, kada ya mutu.”

“To wanda kuke kai wa Inna fa?”

“Na garkar abokina Illi ne, can gabas. Ruwansa lafiya lau.”

Ta ji kamar ta nutse a wurin. Kwana goma sha tara tana cin miyar tumatir ɗin da mutumin nan yake ratsa gari a ƙafa ya nemo, ita kuma gorarsa tana bayan kwandon shara.

“Ku kaɗai ne ruwanku ya canza?”

Ya dubi shingen arewa. Ya ce rijiyar maƙwabcinsa Khalidu ma haka take yi. Da farko Khalidu ya daina sha, ya hana iyalinsa, don shi Akoli ya ba shi shawara. Amma da ya je taro ya ji mai ilimi ta ce tsatsa ce kawai, sai ya ce ba zai ci gaba da wahalar jigilar bido daga gari ba. Suna tace ruwan da tsumma suna sha, shi da matarsa mai shayarwa da ƴaƴansu mata uku.

Fa'iza ba ta san lokacin da ta ajiye akwatin ba. Ta zagaya shingen da sauri, ta tarar da matar Khalidu tana cika randa. Ta roƙe ta ta zubar, ta ce kada wanda ya ƙara kai ruwan nan baki, ko a dafa abinci da shi. Khalidu ya fito daga bukka yana goge hannu, ya saurare ta har ta gama.

“Ba ke kika ce tsatsa ce ba?”

“Ni na ce.”

“To me ya canza?”

“Babu abin da ya canza. Ban auna ba na faɗa.”

Ya dube ta tun daga sama har ƙasa, ya juya ya tuntsurar da randar da ƙafa.

Kafin azahar ta gama abin da labonsu zai iya aunawa. Ƙarfen da ke cikin ruwan garake biyun ya ninka abin da aka saba gani a yankin sau talatin da wani abu. Uraniyom da gubar arsenik sai an aika Yamai. Ta shiga ofishin Tijjani ta ajiye takardar, ta ba shi labari tun daga gorar. Ya shimfiɗa taswira, ya daɗe yana bin ta da yatsa.

“Yumɓun nan ba shi da tsaga, mun duba. Ta ina za ta hau?”

Ya ɗauki waya ya kira Yamai, tana jin muryar can tana cewa a jira sakamako tukuna, kwana goma ba wani abu ba ne. Tijjani ya ce shi ke wurin, shi zai amsa in an tambaya. Ya ajiye wayar ya fita da kansa ya sa aka kashe injin tura iskar, ya kuma aika tankar ruwa garake kafin la'asar.

Tambayar nan ta “ta ina za ta hau” ce ta mayar da su wurin Akoli kashegari. Tijjani ya tsuguna a inuwar dabino ya zana masa a ƙasa yadda abin yake, dutse a ƙasa, yumɓu a sama, sai an sami ƙofa iskar za ta wuce. Akoli ya kalli zanen, ya ce akwai ƙofa. Ya ce shekarar da ya sauko daga duwatsu, aikin farko da ya samu shi ne kai wa wasu masu neman ma'adinai ruwa a kan jaki. Sun yi wata biyu suna huda ƙasa a bayan tudun can, da suka gama suka ɗora murfin ƙarfe suka tafi. Taswirar kamfanin ba ta san da ramin ba.

Ya shiga gaban motar yana nuna hanya da hannu, Fa'iza tana baya. A bayan tudun ya sauka ya yi ta zagaye yana duban duwatsu, ya yi kuskure sau biyu, a na uku ya ce a tona nan. Shebur bai yi nisa ba ya daki ƙarfe. Da aka share yashin, murfin ya cinye da tsatsa, ƙasar gefensa a jiƙe take ja wur. Tijjani ya ce kowa ya yi shiru. Suka ji shi, wani siririn tsiii yana fitowa daga ƙasa ba ƙaƙƙautawa.

Sakamakon Yamai ya iso bayan kwana goma sha ɗaya. Uraniyom ya ninka abin da aka yarda a sha sau shida, arsenik sau biyu. Fa'iza aka ba rubuta rahoto. Tijjani ya leƙo labo tana tsakiyar rubutu, ya tsaya a bayanta yana karantawa.

“Kina iya farawa daga ranar da rijiya ta uku ta nuna canji,” ya ce. “Ba ƙarya ba ce. Ni ma ina rumfar, Hausa nake ji kamar ke, ban ce a auna ba.”

“Ni aka miƙa wa gorar, shugaba.”

Ta rubuta ranar taron, da abin da Akoli ya faɗa kalma bayan kalma, da abin da ta faɗa wa baƙin, da yawan kwanakin da gorar ta yi a ƙarƙashin tebur. Da Tijjani ya zo sa hannu ya ƙara layi ɗaya da biro, cewa shi ma ya ji.

A gida ta faɗa wa mahaifiyarta komai tana kallon ƙasa. Balki tana tsince shinkafa, ba ta dakata ba.

“Ni ba ruwan na ad damuwata ba, wanga aikinku ne ku masu karatu. Mutumen da ya sa ubanki cikin ƙasa kinka sa yara sunka yi ma dariya. In za ki ba shi haƙuri, inda kinka yi mai abin za ki ba shi, ba cikin garka ba inda babu kowa.”

An sake taro a rumfar mai unguwa, wannan karon har waje mutane suka cika. Tijjani ya yi bayanin ramin da yadda za a cike shi da siminti. Da ya gama, Fa'iza ta karɓi makirfo. Ta ce Baba Akoli ya kawo gaskiya a wannan rumfar, ita ta mayar da ita abin dariya, alhali ta fahimci abin da yake nufi. Ta ce saboda maganarta gidan Malam Khalidu sun sha ruwan kwana goma sha tara. Ta nemi gafarar Akoli da ta Khalidu da ta duk wanda ya yarda da ita. Wani daga baya ya ce a kore ta, wasu suka goyi bayansa, mai unguwa ya tsawatar. Khalidu ya tashi ya fita tun ba ta rufe baki ba.

Akoli bai karɓi makirfo ba. Daga inda yake zaune ya ce, “Ya wuce, Fa'iza. Allah ya yafe mu duka.” Sai ya juya ga Tijjani ya tambayi abin da ya kawo shi, wato yaushe rijiyarsa za ta koma daidai. Tijjani ya ce bai sani ba.

An kai iyalin Khalidu asibiti aka ɗebi jini da fitsari. Likita ya ce bai ga illa a ƙodarsu ba, amma a riƙa dawo da su duk wata shida, musamman jaririyar. An cike ramin, kamfanin ya dakatar da gwajin, yawancin ma'aikata suka watse. Ba a sabunta wa Fa'iza kwangilarta ta da ba. An bar ta da aiki ɗaya, ɗibar ruwan rijiyoyin garake goma sha huɗu duk Talata, don doka ta tilasta wa kamfanin ci gaba da sa ido, ga shi babu wanda ya yarda ya baro Yamai saboda wannan.

Wata takwas bayan haka tsamin rijiyar Akoli ya ragu, lambar ta hau shida da ɗigo huɗu, uraniyom ya ragu da rabi, amma har yanzu ba a sha. Ruwan tanka bai isa garka duka ba, sai ya zaɓi dabinai da rumman ya bar sauran. Lemun tsami bakwai suka bushe, ya sare su ya yi wa Aïcha itacen girki. Ƴaƴansa suna ta matsa masa ya koma wurin ƙanensa a Iferwan, ya ce sai dabinan sun yi ƴaƴan farko ya gani.

Rijiyar Khalidu ita ce ta ƙarshe a zagayenta. Yakan bar mata injin a kunne ya koma can ƙarshen garka ya ba ta baya, in ta yi sallama matarsa ce take amsawa. Fa'iza takan cika kwalabenta, ta karanta wa matar sakamakon satin da ya wuce da ƙarfi yadda zai jiyo, ta tambayi lafiyar jaririyar, sannan ta rufe akwatin ta fita bakin hanya neman kabu-kabu.